An aiko mini da tarar fakin a gidan da nake haya a Ingila: in biya ko in ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, ina haya a wani bene mai gidaje da yawa. Muna da filin ajiye motoci, kuma gurbina yana da lamba. Wani kamfani mai zaman kansa ne ke kula da filin, ya ba mu kati mu riƙa sawa a gilashin gaba. Na dawo daga aikin dare, ashe katin ya zame ya faɗa ƙarƙashin kujera. Yanzu wasiƙa ta zo wai in biya fam 100, ko fam 60 idan na biya cikin kwana 14. Wasu sun ce in yi banza da ita, wasu sun ce in yi maza in biya kada ta shafi takarduna. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata, sannu da aiki. Da masu cewa ki yi banza da wasiƙar da masu cewa ki yi maza ki biya, babu wanda zan goyi bayansa. Abin da nake so ki fara yi yau shi ne ki ciro yarjejeniyar hayar gidanki, ki nemo duk layin da ya ambaci mota ko gurbin fakin. A nan ƙarfinki yake. Amma kafin mu kai ga takardar, ya kamata ki san da wa kike yi.

A Ingila hukuma ce ke cin tara, wato kansil, 'yan sanda ko kotu. Kamfani mai zaman kansa ba shi da wannan iko. Abin da ya aiko miki takardar neman bashi ce, ko da yake an tsara ta yadda za ta yi kama da ta kansil, har gajeren sunansu ma ɗaya ne, PCN. Hujjar kamfanin ita ce allon da ya kafa a bango tayin yarjejeniya ne, duk direban da ya gani ya ajiye mota ya amince, idan kuma ya saɓa sharaɗi to ya yarda zai biya kuɗin da aka rubuta. Saboda haka ba laifi kika aikata ba. Ba za a sa miki maki a lasisi ba, babu ruwan 'yan sanda, kuma ba za ta shiga kundin masu laifi ba. Abu ɗaya ne zai iya ɓata miki suna a wannan harka, shi ne hukuncin kotu da aka yanke ba a biya ba, kuma akwai tazara mai nisa tsakanin wasiƙar nan da wannan hukunci.

Masu cewa a yi banza da ita suna riƙe da shawarar da ta tsufa. Abubuwa biyu ne suka kashe ta. Na farko dokar Protection of Freedoms ta 2012, wadda ta fara aiki a watan Oktoban shekarar. Ta haramta ɗaure tayar mota a filaye masu zaman kansu, amma a madadin haka ta ba kamfanoni damar bin wanda sunansa ke kan rajistar mota idan ba su san direban ba. Na biyu shari'ar kamfanin fakin ParkingEye da Barry Beavis, wani mai shagon soya kifi da dankali da ya zarce awa 2 na kyauta da kusan awa guda a filin wasu kantuna a Chelmsford. An nemi ya biya fam 85, ya ƙi, aka yi ta tafiya har Kotun Ƙoli. A watan Nuwamban 2015 kotun ta ce kuɗin halal ne. Tun daga ranar, kusan duk wasiƙar da kamfanonin nan za su rubuta sai sun ambaci Beavis, kamar maganar ta ƙare ke nan.

Ba ta ƙare ba, musamman a irin taki. Dalilin da alƙalan suka bayar shi ne filin na kantuna ne, fakin kyauta ne, masu kantunan suna da buƙata ta gaskiya a ce motoci na shiga suna fita don masu sayayya su samu wuri, kuma allunan manya ne, kowa na ganinsu. Beavis baƙo ne a filin, ba shi da wani haƙƙi a kansa sai wanda allon ya ba shi. Ke kuwa ba baƙuwa ba ce. An kawo kamfanin ne don ya kori baƙin da ke cinye wa mazauna gidan wuri. To wace buƙata ta gaskiya ke akwai a hukunta mai gurbi a cikin gurbinta? Sannan ga tambayar da ta fi wannan nauyi: me kamfanin ya ba ki? Yarjejeniya sai da musaya. Idan takardar hayarki ta riga ta ba ki gurbin, kuma kuɗinsa na cikin hayar da kike biya duk wata, babu abin da allon zai yi miki tayinsa, don ba a sayar wa mutum abin da ya riga ya mallaka. Kamar ki kama hayar ɗaki a Sabon Gari ne, bayan shekara mai gida ya ɗauki maigadi, maigadin ya liƙa takarda a zaure cewa duk wanda ya shiga ɗakinsa ba tare da nuna kati ba zai biya shi. Takardar maigadi ba ta goge ta mai gida.

Kotuna sun sha bin wannan hanya. A 2001, a shari'ar Saeed da Plustrade, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce mai gida ba zai ba ɗan haya haƙƙin fakin ba sannan ya dawo ya janye shi ta bayan fage. A 2016, a shari'ar Jopson da Homeguard, wani alƙali a Oxford ya soke kuɗin da aka nemi wata mata ta biya don ta tsaya a ƙofar benensu tana sauke kayan ɗaki. Ya ce tsayawa a sauke kaya daban, fakin daban, kuma allon kamfani ba zai rage haƙƙin da takardar gida ta bayar ba. Ki lura dai, hukuncin Jopson na ƙaramar kotu ne, alƙalin da za ki je gabansa zai saurare shi amma bai zama dole ya bi shi ba. Shi ya sa nake cewa kalmomin da ke cikin takardarki sun fi kowace shari'a da za ki ambata amfani.

Idan kin buɗe ta, ɗaya daga cikin abu uku za ki tarar. Wataƙila ta ce gidan ya haɗa da gurbi mai lamba kaza, ba ta ambaci kati ba, ba ta ambaci biyan wani kamfani ba. Wannan ita ce mafi ƙarfi, kuma da ni ne ko kwabo ba zan biya ba. Wataƙila kuma ta ba ki gurbin amma ta ƙara da cewa za ki bi duk ƙa'idojin da masu kula da ginin za su kafa lokaci zuwa lokaci. A nan ƙarfinki ya ragu, amma bai tafi ba, don akwai bambanci tsakanin ƙa'idar da ta ce a sa kati da ƙa'idar da ta ce a biya wani na waje fam 100, kuma sai su nuna yaushe aka kafa ta, ta yaya aka sanar da ke. Na uku, takardar ta yi shiru gaba ɗaya a kan mota. Wannan ya fi yawa a wurin 'yan haya irinki, kuma a nan mutane ke saurin karaya ba tare da dalili ba. A irin waɗannan benaye, mai gidan da kike biya shi ma yawanci ba shi ne mai ƙasar ba. Yana riƙe da gidan ne a kan doguwar yarjejeniya ta shekara 99 ko 125 ko fiye, kuma a cikin wannan doguwar takarda ake rubuta gurbin, sau da yawa har da taswira. Ki roƙe shi kwafinta, ko aƙalla shafin da ya shafi fakin, da gajeren saƙo da ke tabbatar da cewa ya ba ki gurbin tare da gidan. Idan ya yi nawa, ana iya neman kwafin daga ofishin rajistar filaye, HM Land Registry, a kan kuɗi kaɗan. Tallan gidan da kika gani kafin ki kama, da takardar lissafin kayan da aka ba ki ranar shiga, duk hujja ne idan sun ambaci fakin.

Za su ce ai kin karɓi katin, kina sawa kullum, ke nan kin amince. Amsarki ita ce kin sa ne don sauƙaƙa wa masu sintiri su gane motarki, ba ki sa hannu a wata takarda da ta canja yarjejeniyar hayarki ba.

Da takardar a hannunki, ƙofar farko da za ki ƙwanƙwasa ba ta kamfanin fakin ba ce, ta kamfanin da ke kula da ginin ce. Su suka ɗauko mai sintirin, kuma saƙo ɗaya daga gare su ya isa ya soke kuɗin. A ganina mafi yawan irin wannan rigima a nan ya kamata ta mutu. Ki rubuta musu imel, ki haɗa hoton wasiƙar, hoton katin, da shafin yarjejeniyar, ki ce ke mazauniyar gida lamba kaza ce, motar tana cikin gurbinta, kina so su umarci wakilinsu ya soke. Kada ki yi mamaki idan amsar farko ta ce babu ruwansu, ki je ki yi da kamfanin fakin. Ki sake rubutawa, ki ce kina so a ɗauki saƙonki a matsayin ƙorafi a hukumance, a ba ki tsarin ƙorafinsu a rubuce. Tun 2014 doka ta wajabta wa masu kula da gidaje a Ingila su kasance ƙarƙashin wata hukumar sauraron ƙorafi, kamar The Property Ombudsman, kuma ba sa son maganar fam 100 ta kai can. Ki sa mai gidanki a ciki, don shi ke biyan kuɗin kula da ginin, muryarsa ta fi taki kaifi a kunnensu.

Kada jiran amsarsu ya sa lokaci ya ƙure miki. Kina da kwana 28 ki aika wa kamfanin fakin ƙorafinki, kuma gara ki yi cikin kwana 14 na farko, don yawanci idan suka ƙi sukan sake buɗe ragin na wasu kwana 14. A rubuce za ki yi, ta shafinsu ko ta wasiƙa. Kada ki buga waya, kuma kada ki biya da niyyar yin ƙorafi daga baya, don da zarar kuɗi ya shiga sun rufe fayil.

Ki rubuta a matsayin mai rajistar motar. Babu dokar da ta tilasta miki gaya wa kamfani mai zaman kansa wanda ya tuƙa. Sunanki da adireshinki daga DVLA, hukumar rajistar motoci, suka saya, a kan fam 2.50, kuma ana yin irin wannan saye fiye da sau miliyan 12 a shekara, don ki san girman kasuwar. Sun san mai rajista, ba su san direba ba. Idan suna so su ɗora wa mai rajista bashin direba, dole su cika sharuɗɗan Jadawali na 4 na waccan dokar ta 2012 ba tare da kuskure ba. Tunda ba a liƙa miki komai a gilashi ba, wasiƙar dole ta iso cikin kwana 14, ana fara ƙirga daga washegarin ranar da abin ya faru, kuma doka na ɗaukar wasiƙa ta iso a ranar aiki ta biyu bayan an sa ta a gidan waya. Da an liƙa takarda a gilashi, sai wasiƙar ta zo tsakanin kwana na 29 da na 56. Dole kuma ta faɗi tsawon lokacin fakin, da wurin, da sunan mai bin bashin, da gargaɗin cewa bayan kwana 28 za a iya bin mai rajista. Ki ɗauki kalanda ki ƙirga. Kamfanoni da dama suna makara, wasu ma ba sa ƙoƙarin cika sharuɗɗan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarya. Yin shiru haƙƙinki ne, amma kada ki rubuta cewa ba ke ce kika tuƙa ba alhali ke ce, kuma idan alƙali ya tambaye ki ki faɗi gaskiya. Hujjar yarjejeniyar haya ba ta ma damu da wanda ya tuƙa ba.

Wasiƙarki kada ta yi tsawo, kuma kada ta zama ta ban haƙuri. Labarin aikin dare da gajiya ba ya motsa su. Ki ce ke ce mai rajista, ba ki amince da bashin ba, motar tana cikin gurbin da yarjejeniyar gida ta bayar, ga kwafi, ga katin da yake aiki a ranar, kina neman a soke, idan kuma sun ƙi su ba ki hanyar ɗaukaka ƙara da hujjar cewa mai filin ya ba su izinin aiki a kan wannan gurbi.

Akwai wani abu sabo da ya shafe ki kai tsaye. Majalisa ta yi dokar tsara harkar a 2019, gwamnati ta fitar da ƙa'idoji a Fabrairun 2022, ta janye su a watan Yunin shekarar bayan kamfanoni sun kai ƙara. Sai ƙungiyoyin kamfanonin guda biyu, BPA da IPC, suka rubuta nasu, suka fara aiki da su a Oktoban 2024. A ciki an bar kuɗin a fam 100 mafi yawa, da ragin kashi 40 cikin ɗari, kuma an tanadi a rage zuwa fam 20 ga wanda yake da kati mai aiki amma bai nuna ba, idan ya kawo hujja. Saboda haka mai yiwuwa su yi miki tayin fam 20. Idan takardunki sun yi shiru kuma mai gida ya ƙi taimakawa, ki karɓa ki huta, ba abin kunya ba ne. Idan takardarki ta fito fili, ni ina ganin kada ki karɓa, don kati zai sake faɗuwa wata rana, kuma kin riga kin nuna musu kina biya.

Idan suka ƙi, mataki na gaba ya danganta da ƙungiyar da kamfanin yake ciki, tambarinta na jikin wasiƙar. 'Yan BPA ana kai su POPLA, wurin ɗaukaka ƙara a kan irin wannan kuɗi, za a ba ki lamba, kina da kwana 28. 'Yan IPC ana kai su IAS, mai irin wannan aiki. Duka kyauta ne, amma damar biyan fam 60 ta tafi da zarar kin shiga. Hukuncinsu yana ɗaure kamfanin, ke bai ɗaure ki ba, don haka ko kin faɗi ba a ce dole ki biya ba, kotu ce kaɗai ke iya cewa haka. POPLA ta fi karkata ga abin da ake iya aunawa: kwanakin wasiƙa, girman rubutun allo, ko ana iya karanta shi da dare, da takardar izinin mai fili. Ki fita da daddare, a irin lokacin da abin ya faru, ki ɗauki hotunan allunan da gurbin. Game da IAS, masu motoci ba su cika cin nasara a can ba, kada faɗuwa a wurin ta karya miki gwiwa.

Bayan nan sai wasiƙun masu karɓar bashi su fara sauka, kuɗin ya koma fam 170, da jan rubutu da maganganu masu tayar da hankali. Kurari ne. Ba su da ikon shiga gidanki, ba su da ikon taɓa motarki ko albashinki. Masu ƙwace kaya ba sa zuwa sai bayan kotu ta yanke hukunci an ƙi biya. Ki tara wasiƙun a wuri ɗaya, ba sai kin amsa ba.

Guda biyu ne ba a wasa da su. Ta farko wasiƙar gargaɗin shiga kotu, yawanci daga lauyoyi, mai ba ki kwana 30. Ki amsa ta, ki maimaita hujjarki, ki nemi duk hotuna da takardun da suke da su. Ta biyu takardar ƙara ita kanta, mai hatimin kotu, wadda ke fitowa daga cibiyar kotu da ke garin Northampton. Kina da kwana 14 ki sanar cewa kin karɓa, sannan lokacin shigar da kariya ya zama kwana 28 daga ranar da doka ta ɗauka ta iso. Idan kika yi shiru, za a yanke hukunci a bayan idonki, shi ne CCJ, kuma yana zama a rajista shekara 6 sai dai idan an biya duka cikin wata ɗaya. Shi ne ke hana mutum kama sabon gida, ko karɓar bashin sayen gida, wani lokaci har kwantiragin waya.

A nan mutanenmu suka fi faɗawa, kuma ba don rashin hujja ba. Muna yawan canja gida, sai mutum ya gyara adireshi a lasisin tuƙi ya manta da takardar rajistar mota, V5C, alhali daban ake gyara kowacce. Kamfani yana da shekara 6 ya shigar da ƙara. Sai takardu su yi ta zuwa tsohon gida, mutum bai sani ba sai ranar da banki ya juya masa baya. Ana iya neman kotu ta soke irin wannan hukunci, amma da kuɗi da wahala, ihu ne bayan hari. Idan kin tashi daga gidan nan kafin maganar ta mutu, ki rubuta wa kamfanin sabon adireshinki ki ajiye kwafi. Idan za ki je gida hutu na wata ɗaya ko fiye, ki bar wanda zai riƙa buɗe miki wasiƙu yana turo hoto.

Kotun kanta ba abin tsoro ba ce. Sashen ƙananan ƙararraki ne, na abin da bai wuce fam 10,000 ba. Tun Mayun 2024 ana fara haɗa ɓangarorin biyu da mai sulhu ta waya, kuma ba a tilasta miki amincewa da wani kuɗi. Idan an kai ga zama, ɗaki ne da tebur, alƙali ɗaya, ba kya buƙatar lauya. Ko kin faɗi, a ƙa'ida ba a ɗora miki cikakken kuɗin lauyan ɗaya ɓangaren, sai bashin da kuɗin kotu da wasu ƙayyadaddun kuɗaɗe, idan kuma kin biya cikin wata ɗaya babu tabon da zai rage. Sau da yawa ma kamfanin kan janye kafin ranar idan ya ga kariya mai ɗauke da yarjejeniyar gida. Ofishin ba da shawara na Citizens Advice da ke garinku zai duba miki takardun kyauta.

Duk abin da na faɗa a kan bin mai rajista da matakan kotu na Ingila da Wales ne, Sikotilan da Ailan ta Arewa tsarinsu daban. Haka nan idan motar ta haya ce ko ta wurin aiki, wasiƙar farko wurin kamfanin motar take zuwa, sai ki yi saurin gaya musu kada su biya a madadinki su cire a asusunki.

Idan an soke wannan, ki sake rubuta wa masu kula da ginin ki nemi ɗaya cikin biyu: ko a sa lambar motarki a jerin waɗanda mai sintiri ba ya taɓawa, ko a cire gurbinki daga tsarin gaba ɗaya. Ki nemi amsar a rubuce, ki kuma tambaye su yadda za a yi da baƙin da za su zo miki da mota, don su ma irin wannan wasiƙar ake aika musu.